Launin Kaki

A At-Bashi, idan sanyi ya sauka,
duwatsu kan ja farin mayafi har ƙafa,
kowane gida ya toshe taga da ƙofa,
ya hura busasshen kashin tumaki a murhu.
Ɗumi ya zauna. Hayaƙi ma ya zauna.

Burulkan ta shekara sittin tana shaƙarsa.
Ba ta taɓa kai taba baki ba,
amma ƙirjinta tsohon zugazugin maƙeri ne,
yakan riga bakinta magana.

Ni ce mai jakar magani a ƙauyen nan.
Da ta aiko jikanta, na je,
na kasa kunne a gadon bayanta.
Na ce, "Nuna min ƙyallen."
Ta buɗe: fari, kamar kumfar nono.
Ta ce, "Ainura, ba ni kafson nan mai ja da rawaya."
Na ce, "Uwa, ba yau ba.
Ba a zare takobi don ƙuda.
Wannan tarin jiya ne, tarin bara.
Riƙe abin shaƙarki, ki sha ruwan ɗumi."
Ta juya min ƙeya.
Ko shayi ba ta zuba min ba,
a garin da ake zuba wa maƙiyi shayi.

Bayan mako uku, tsakar dare,
yaron ya dawo da ƙanƙara a gira.
Na tarar da ita dafe da gwiwa
tana farautar iska da buɗaɗɗen baki.
Daga gado zuwa buta ya zama tafiyar yini.
An shafa mata kitsen tunkiya a ƙirji,
ƙirjin bai ji ba.
Ƙyallen ya cika, ya sauya:
kore shar, mai kauri, kamar gansakuka.
Kaki ya ƙaru, launi ya juya, numfashi ya gajarta.
Shaidu uku sun haɗu.
Yanzu kam na kwance bakin jaka.

Na ƙirga mata a tafin hannu:
goma sha biyar, uku a yini, kwana biyar,
da ƙananan farare masu sauke kumburi.
Na zana layuka biyar a bango da gawayi
don jikan ya riƙa gogewa.

Kwana na uku zazzaɓi ya naɗe tabarma.
Ta ci gurasa, ta yi wa yaro faɗa,
muka ce lafiya ta leƙo.

Kwana na huɗu na ɗaga gwangwanin shayi,
na ji yana kacau-kacau.
Kafso shida.
Ta ce, "Na Toktobek ne, maƙwabcina.
Shi ma tari yake, ni kuwa na warke."

Na zauna a gefen shimfiɗarta.
"Uwa, kin kashe maciji ba ki sare kai ba.
Ƙwayoyin da suka saura su ne masu taurin kai.
In suka miƙe, sun riga sun san fuskar maganin,
ranar da za ki kira shi ba zai amsa ba.
Toktobek kuwa yana da nasa ƙyallen,
ni zan je in duba."
Ta haɗiye ɗaya tana harara ta,
hararar wanda aka kama da hannu a tukunya.

Ban yi mata alkawarin warkewa ba.
Tarin nan ɗan haya ne da ba ya tashi,
iyakacinmu mu hana shi gayyato baƙi.

Da ƙanƙara ta narke, ɗanta ya hau rufi,
ya ƙara wa bututun hayaƙi tsawo,
ya liƙe tsagar murhu da laka.
Na biyo ta ƙofarta da rana tsaka.
Ta zuba min shayi rabin kwano,
yadda suke yi wa baƙon da ba a so ya tafi.
Kafin in tambaya ta buɗe ƙyallen.
Ta ce, "Fari ne.
Rufe jakarki, ki sha."